Yadda Ake Buga Wasannin Sega, Nintendo da PlayStation na Da a Kan Kwamfuta

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kano daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san shagon gem: ɗan ɗaki mai labule a ƙofa, benci biyu, talabijin mai ƙeya, ga janareta yana ruri a waje. Mu a Fagge can kuɗin tararmu yake ƙarewa. Da Sega muka buɗe ido, su Sonic da Streets of Rage da Mortal Kombat, kafin PlayStation ta zo da Winning Eleven, inda kowa yake rububin ɗaukar Najeriya saboda gudun Tijjani Babangida, ko kuma Brazil don a ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba. Yawancin injinan nan sun mutu yanzu. Idon da ke karanta faifai ya makance, kaset ya yi tsatsa. Su wasannin suna nan da ransu, kuma laftof ɗin da kake aikin ofis ko na makaranta da ita za ta iya buga da yawa daga cikinsu.

A hutun ƙaramar salla ɗan yayata ya kawo mini tsohuwar laftof ɗinsa ya ce, "Kawu, an ce ana sa PS2 a ciki, ni kuma da na gwada sai tafiyar hawainiya take yi." Da na duba sai na ga ya ɗora wa raƙumar da ba ta da ƙarfi kaya mafi nauyi tun ranar farko. Mutane da yawa a nan suke karaya su bar abin. Don haka zan bi da kai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kai kuma ka tsaya a inda ƙarfin kwamfutarka ya tsaya.

Abubuwa uku da za ka riƙa jin sunansu

Na farko emuleta. Manhaja ce da take aikin tafinta: wasan yana magana da yaren injinsa na asali, ita kuma tana fassara wa kwamfutarka nan take, sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan fassarar ita ce take cin ƙarfi. PlayStation 2 da ta fito a 2000 ƙwaƙwalwarta ba ta kai 300MHz ba, RAM ɗinta 32MB ne kacal, amma sai ka ga laftof mai RAM 8GB tana haki wajen kwaikwayonta.

Na biyu fayil ɗin wasan kansa. Idan daga kaset aka kwafo shi ana ce masa ROM, idan daga faifai ne ana ce masa ISO ko BIN da CUE. Na uku BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin injin, wadda take nuna tambarin nan da sautin da muke ji idan an kunna PlayStation. Nintendo ta farko da Super Nintendo da Mega Drive ta Sega ba sa buƙatarsa, haka ma PSP, wato ƙaramar PlayStation ta tafi-da-gidanka. PS1 da PS2 kuwa sai da shi.

Mataki na farko: auna kwamfutarka

Kafin ka ƙona data ko ta kilobayit ɗaya, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka danna Enter. A shafin farko ka duba Processor da Memory, ka kuma tabbatar an rubuta 64-bit a layin Operating System. Shafin Display zai gaya maka sunan katin hoto.

Lambar da ke bayan sunan ƙwaƙwalwar ita ce take faɗa maka zamaninta. i5-4300U ƙarni na huɗu ce, i5-8250U ƙarni na takwas. Mai shago zai ce maka "Core i5 ce" ya tsaya a nan, alhali tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa: ta farkon tana da ƙwaƙwalwa biyu a ciki, ta biyun tana da huɗu. Idan za ka sayi tokumbo a Beirut Road ko Farm Centre, ka sa a kunna maka ka karanta lambar da idonka.

Ga abin da na gani a kwamfutocin da suka bi ta hannuna. Celeron ko Pentium mai RAM 4GB tana ɗaukar Nintendo, Sega, Super Nintendo da Game Boy Advance ba tare da gardama ba, har ma da PS1 idan ba a ƙara wa hoton kyau ba. Core i3 ko i5 na ƙarni na huɗu zuwa na bakwai suna buga PS1 da PSP da daɗi, su taɓa wasu wasannin PS2 marasa nauyi. Wanda yake son PS2 da gaske ya nemi i5 daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5, da RAM 8GB, kuma idan akwai katin hoto na Nvidia ko AMD ya fi.

Mataki na biyu: hannu

Ana iya bugawa da kibod, amma ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin Tekken ko ƙwallo da shi ba. Ka sayi hannu mai USB. Waɗanda aka yi su da siffar hannun PS2 sun cika shagunan kayan wuta na Sabon Gari da kasuwannin waya, akwai ma tagwaye masu baki ɗaya. Idan kana da hannun PS2 na asali a ajiye, ka nemi ɗan abin da ke mayar da bakinsa USB, domin robar da ke ƙarƙashin maɓallansa ta fi ta sababbin masu araha ƙarko nesa ba kusa ba. Hannun PS4 da na Xbox su ma suna aiki idan ka jona su da wayar USB.

Ka tafi da laftof ɗinka wurin saye. Jona hannun, danna Windows da R, rubuta joy.cpl, zaɓi hannun ka shiga Properties. Danna kowane maɓalli ka ga fitilarsa ta kama. Juya sandunan analog ka sake su, alamar ta dawo tsakiya ta tsaya cak. Idan tana rawa ita kaɗai, mayar masa ka ɗauki wani, in ba haka ba ɗan wasanka zai riƙa tafiya ba ka aike shi ba.

Mataki na uku: shimfiɗa wuri

Buɗe folda guda a C ko D ka sa mata suna, misali Wasanni. A cikinta ka buɗe uku: Emuleta, BIOS, da ROM. A cikin ROM kowane inji ya samu ɗakinsa: NES, SNES, Sega, GBA, PS1, PS2, PSP. Kada ka bar komai a Downloads, ranar da wani zai share ta don neman wuri zai tafi da aikinka gaba ɗaya.

Sai ka shiga View a File Explorer ka kunna File name extensions don ka riƙa ganin wutsiyar kowane fayil. Wannan ɗan aikin zai tsare ka daga sharri mai yawa. Wasan Nintendo yana ƙarewa da .nes, na Super Nintendo .sfc ko .smc, na Sega .md ko .gen ko .bin, na Game Boy Advance .gba, na PS1 .cue da .bin ko .chd, na PS2 .iso ko .chd, na PSP .iso ko .cso. Babu wasan kaset ko na faifai da yake zuwa da .exe. Duk wanda ya ba ka irin wannan a matsayin wasa, cuta ya ba ka, goge shi kada ka buɗe. Sauke 7-Zip kuma, kyauta ce, da ita ake kwance fayilolin da aka ɗaure.

Mataki na huɗu: daga ina wasannin za su fito

Nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Emuleta ita kanta ba kayan sata ba ce. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta bai wa kamfanin Connectix gaskiya a shari'arsa da Sony kan emuletar PlayStation da ya yi. Amma wasannin da BIOS suna da masu su, kuma tsufansu bai cire musu haƙƙin mallaka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Kamfanonin ma ba barci suke ba: a Maris ɗin 2024 masu emuletar Yuzu, mai kwaikwayon Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikinsu. Shi ya sa ba zan nuna maka shafin kwasar wasanni ba.

Hanyar da hankalina ya kwanta da ita ita ce mutum ya kwafo faifansa da ya mallaka. Idan laftof ɗinka ba ta da wurin faifai, akwai na waje mai USB. Sauke ImgBurn, saka faifan bayan ka goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, zaɓi Create image file from disc. Faifan PS1, mai baƙin ciki, ka ajiye shi a matsayin BIN da CUE. Na PS2 mai ruwan azurfa DVD ne, ya zama ISO. Mai shuɗin ciki CD ne, ka yi masa yadda ka yi wa na PS1. Idan faifan ya sha karce, rage gudun karatun, sau da yawa hakan yana ceto shi. BIOS ma daga injinka ake ciro shi, kuma shafin PCSX2, emuletar PS2, yana da bayanin yadda ake yi dalla-dalla ga wanda har yanzu yake da PS2 mai numfashi. Kaset ya fi wuya, sai da na'ura ta musamman. Amma akwai wasannin da masu sha'awa suke ƙirƙira wa tsofaffin injinan nan su raba kyauta, kuma za ka same su a cikin RetroArch, manhajar da za mu sauke a mataki na gaba, sun isa ka yi gwaji da su.

Na san da yawa filas suke kaiwa a tura musu. Wanda ya yi haka ya sani cewa filas mai yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ita ce babbar motar bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar inuwarta. Kada ka buɗe ta sai Windows Security ta bincike ta tukuna.

Mataki na biyar: RetroArch, don injinan kaset

Famicom, wato Nintendo ta farko, ta fito a Japan a 1983, ita ce ta isa Amurka da sunan NES a 1985, kuma kwafinta ne muka sani a nan da kaset mai launin rawaya da ake rubuta masa wasa dubu alhali goma ne ake maimaitawa. Mega Drive ta zo a 1988, Super Famicom, wato Super Nintendo, a 1990. Duka waɗannan manhaja ɗaya ta ishe su.

Je retroarch.com, kada ka karɓa daga wani wuri, ka sauke ta Windows 64-bit ka ajiye a foldar Emuleta. RetroArch kamar gida ce mai ɗakuna, ainihin emuletocin su ne ake kira core, kuma kowanne sai ka sauke shi daban. Da kibiyoyi ake yawo a cikinta, Enter ta shiga, Backspace ta dawo.

Daga Main Menu shiga Online Updater, sannan Core Downloader. Jerin yana da tsawo, kada ya ruɗa ka, huɗu kake buƙata: Mesen ko FCEUmm don NES, Snes9x don Super Nintendo, Genesis Plus GX don Sega, mGBA don Game Boy Advance. Idan kwamfutar mai rauni ce ka ɗauki FCEUmm, ta fi Mesen sauƙin ɗauka. Kafin ka fita daga Online Updater danna Update Databases da Update Controller Profiles. Content Downloader da ke wurin ita ce mai wasannin kyautar da na ambata.

Yanzu jona hannu. Sau da yawa za ta gane shi da kanta ta rubuta sunansa a ƙasan allo. Idan ba ta gane ba, ko maɓallan sun harɗe, shiga Settings, Input, ka nemi Port 1 Controls, wanda a sababbin fitowa yake ƙarƙashin RetroPad Binds. Zaɓi Set All Controls, za ta riƙa tambayarka maɓalli ɗaya bayan ɗaya kana dannawa. Tana ba da ɗan lokaci kaɗan ga kowanne, don haka ka nutsu. Idan ka gama danna Save Controller Profile.

Sai shigo da wasanni: Import Content, Scan Directory, ka nuna mata foldar ROM. Za ta jera su gwargwadon injinsu. Wanda ba ta gane ba ka yi masa Manual Scan, ko ka buɗe shi kai tsaye ta Load Content. A cikin wasa F1 ce take fito da Quick Menu, F tana cika allo, Esc sau biyu tana rufe manhajar.

Ga wani abu da masu Sega suke yawan tambayata. Hannun Mega Drive na farko maɓalli uku ne, mai shida ya zo a 1993 lokacin Street Fighter II. Idan ka bar shi a mai uku, a wannan wasan sai ka riƙa danna Start don sauyawa tsakanin naushi da shuri. Gyaran yana cikin Quick Menu, Controls, Port 1 Controls, ka mayar da Device Type zuwa mai maɓalli shida.

Hoto da gudu: bar wasan yadda aka yi shi

Wannan ne wurin da na fi damuwa da shi. An zana wasannin nan don talabijin mai siffar 4:3, allon laftof kuwa mai faɗi ne. Mutane suna miƙe hoton ya cika allo, sai ƙwallo ta koma kamar ƙwai, kowane ɗan wasa ya yi gajarta da ƙiba. Baƙin da ke gefe biyu ba lahani ba ne, bar shi. Shiga Settings, Video, Scaling, ka sa Aspect Ratio a Core Provided. Idan ka kunna Integer Scale hoton zai ɗan ƙanƙance amma zai fito tsaf.

Za ka kuma ga kamar hoton ya fi yadda ka san shi kaushi. Ba ƙwaƙwalwarka ce ta yaudare ka ba. Tsohon talabijin yana narkar da ɗigon launuka a cikin juna, kuma masu zanen sun yi aikinsu da sanin haka. Ruwan da ke zubowa a matakin farko na Sonic misali ne: a allon zamani layuka ne tsaye, a tsohon talabijin kuwa ruwa ne da ake hango abin da ke bayansa. Don ka kusanci wancan, shiga Quick Menu, Shaders, ka loda ɗaya daga foldar crt. crt-easymode da zfast ba su da nauyi. Idan wasan ya fara sarƙewa bayan ka sa, cire shi, gudu ya fi ado muhimmanci.

Sannan akwai maganar yanki. A zamanin wasannin nan, talabijin na Amurka da Japan yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da namu na Najeriya sau 50. Tsofaffin wasanni da yawa da aka kai Turai ba a gyara musu lissafi ba, don haka suna tafiya da jinkirin kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan yana ja. Idan kana da zaɓi tsakanin faifan USA da na Europe, na USA ya fi sauri. Wanda kuma ya saba da na Turai tun yana yaro zai iya jin wancan ya yi masa gaggawa, wannan kuma ra'ayi ne.

Mataki na shida: PS1 da DuckStation

PlayStation ta fito a Japan a Disambar 1994. RetroArch tana iya buga wasanninta, amma ni DuckStation nake sa wa mutane saboda ta fi sauƙin saiti. A shafin GitHub, inda masu rubuta manhaja suke ɗora aikinsu, ake samunta, tana son Windows 10 ko 11 mai 64-bit. Idan ta ƙi tashi tana ƙorafin wani fayil mai wutsiyar .dll, sauke Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, kada ka je neman fayil ɗin shi kaɗai a wasu shafuka.

Da ka buɗe ta karon farko za ta yi maka tambayoyi a jere. Nuna mata foldar BIOS. Sunayen sukan zo da lambar injin, kamar SCPH-5501 na Amurka, 5502 na Turai, 5500 na Japan. Nuna mata foldar PS1, sannan a wurin hannu ka zaɓi Automatic Mapping. Wasu wasannin farko-farko an yi su kafin hannun PlayStation ya samu sandar analog, idan ka ga hannu ya ƙi motsi a irinsu ka mayar da shi Digital Controller.

Kullum fayil ɗin .cue za ka buɗe, ba .bin ba. Shi .cue ɗan rubutu ne da yake faɗin inda kowane sashe na faifan yake, kuma a wasannin da kiɗansu yake a matsayin waƙoƙin CD, buɗe .bin kai tsaye yana sa wasan ya zo shiru. Idan ka canza wa .bin suna, buɗe .cue da Notepad ka gyara sunan a ciki, in ba haka ba ba za su ga juna ba.

A saitin hoto akwai Internal Resolution. Fara da 2x ko 3x ka ga yadda kwamfutar za ta yi. Akwai kuma PGXP Geometry Correction, wadda take tsayar da rawar nan da bango da ƙasa suke yi a wasannin PS1. Kunna ta, in wani wasa ya nuna ɓaraka ka kashe masa shi kaɗai. Wasanni masu faifai fiye da ɗaya, kamar Resident Evil 2 mai biyu ko Final Fantasy VII mai uku, idan suka nemi na gaba ka yi amfani da Change Disc ba tare da ka rufe wasan ba.

Mataki na bakwai: PS2, da zafin Kano

PCSX2 ita ce emuletar, a pcsx2.net. Tun fitowar 2.0 a 2024 saitinta ya yi sauƙi ƙwarai, babu sauran wahalar haɗa ƙananan manhajoji da aka sha a da. Duk bidiyon da ka gani yana maganar plugins tsoho ne, wuce shi. Tsarin farawa iri ɗaya ne da na DuckStation: BIOS, foldar wasanni, hannu.

Fara kowane wasa da Internal Resolution a Native. Ka kunna nunin gudu a saitin On-Screen Display, abin da kake nema shi ne 100%. In ya tsaya a nan daram, gwada 2x. In yana faɗuwa zuwa 70 ko 80, za ka ji muryar mai sharhi tana ja kamar kaset ɗin rediyo mai mataccen batir, to sai ka bi waɗannan a jere. Jona caja, domin laftof tana rage ƙarfinta da gangan idan tana kan batir. Mayar da Power mode na Windows zuwa Best performance. Rufe Chrome da duk abin da ke buɗe. Sauya Renderer tsakanin Vulkan da Direct3D 11, tsofaffin katunan Intel sun fi jituwa da na biyun. Idan duk bai yi ba, danna wasan da maɓallin dama, Properties, Emulation, ka rage EE Cycle Rate zuwa 75%. A Properties ɗin wasan za ka yi wannan, kada ka yi a babban saiti ya shafi sauran. Wasanni ba nauyinsu ɗaya ba. Kwamfutar da ta ɗauki PES 6 lafiya lau tana iya durƙushewa a God of War ko Shadow of the Colossus.

Idan kuma wasa ya fara da kyau, bayan minti goma ko ashirin ya soma ja, ba saiti ba ne, zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta yi zafi tana rage gudunta don kada ta ƙone. A bazarar Kano, watan Afrilu da ake haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko kafet ko filo, suna toshe mata hanci. Ɗora ta a tebur ka ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta shiga. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a fankar ciki ta zama kamar auduga. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta. Idan akwai ramin RAM na biyu da babu komai a ciki, cike shi da irin na farkon yana ƙara wa katin hoton Intel da AMD na ciki kuzari sosai.

PSP ba sai na daɗe a kanta ba, yaran yanzu sun san PPSSPP a wayoyinsu. Ta kwamfuta tana ppsspp.org, ba ta neman BIOS. Hoton PSP na asali 480 ne a 272, don haka 2x ko 3x ya wadatar a allon laftof.

Mataki na takwas: ajiya, kafin a ɗauke wuta

Ajiya iri biyu ce. Akwai ta cikin wasa, wadda emuleta take rubutawa a memori kad na kwaikwayo. Akwai kuma save state, wadda take daskarar da wasan a daidai inda kake. A RetroArch F2 ce take ajiyewa, F4 ta dawo da kai. A PCSX2 F1 ce ajiya, F3 dawowa. Kula da wannan bambancin, kuma ka duba yatsanka kafin ka danna, domin ajiya a kan ajiya tana shafe ta baya. Amfaninta a wurina babba ne: da an kira salla sai ka danna ka rufe ka tashi, babu zancen bari in kai wurin ajiya.

Amma kada ka dogara da ita ita kaɗai. Idan ka sabunta emuleta, tsohuwar save state tana iya ƙin buɗewa, ta memori kad kuwa tana nan. Riƙa yin duka biyun.

Wanda batirin laftof ɗinsa ya mutu, ko mai kwamfutar tebur, ya kula da wannan: RetroArch takan riƙe ajiyar cikin wasa sai an rufe wasan sannan ta rubuta ta a faifan kwamfuta. In aka ɗauke wuta kafin nan, ta tafi. Shiga Settings, Saving, ka tabbatar SaveRAM Autosave Interval tana kunne, ka sa ta a daƙiƙa 10. Sannan lokaci-lokaci ka kwafe foldojin saves da states na RetroArch, da memcards na DuckStation da PCSX2, zuwa filas ɗinka ta kanka. Waɗannan biyun na ƙarshe sukan ajiye nasu a cikin Documents, ko AppData a wasu fitowar. Masu gyara idan za su sake Windows ba sa tambaya.

Mataki na ƙarshe: talabijin da mutum na biyu

Wasannin nan an yi su ne don mutum biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa. Jona HDMI zuwa talabijin, danna Windows da P, zaɓi Second screen only. Nemi Game Mode a saitin talabijin ka kunna, yana rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. In sauti bai fito ba, danna alamar lasifika a ƙasan allo ka zaɓi sunan talabijin. Tsohuwar laftof mai VGA hoto kawai take turawa, sauti sai ka ja masa waya daban.

Hannu na biyu a RetroArch yana Port 2 Controls, ka zaɓe shi a Device Index. A DuckStation da PCSX2 ka shiga Controller Port 2, ka sauya shi daga Not Connected, sannan ka yi masa Automatic Mapping. Tagwayen hannu sukan fito da suna ɗaya, don haka ka gwada kowanne kafin a fara, kada hannu ɗaya ya riƙa juya ƙungiyoyi biyu.

Idan da yara a gidan, ka tace abin da ke cikin foldar. Mortal Kombat yana cikin wasannin da suka jawo zaman majalisar dattawan Amurka a 1993, wanda ya kai ga kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. GTA da God of War alamar M suke ɗauke da ita, ta 'yan shekara 17 zuwa sama, kuma akwai abubuwan da ke cikinsu da ba za ka so ɗanka ya gani ba. Ni foldar yara daban na yi, da Mario da Sonic da Crash Bandicoot da ƙwallo, ita kaɗai na nuna wa emuletocin da suke buɗewa.

Laftof ɗin ɗan yayata i3 ce ta ƙarni na biyar, don haka a PS1 da Sega muka tsaya. Na sa masa hannu biyu, na nuna masa F2 da F4. Kafin magariba muka buga Winning Eleven wasa uku. Na ɗauki Najeriya na sa Babangida a gefen dama, shi kuma ya ce, "Kawu, wannan wane ne da ba a kamo shi?"